Gubar da Apakuki Ya Gano

"Aikin yini guda ne wannan, tavale. In rana ta faɗi ban gama ba, ka canja mini suna."

Haka Apakuki ya faɗa a gaban dattawan ƙauyenmu, hannu a ƙirji, rigar ofis ta sha guga, birurruka jere a aljihu kamar haƙoran taje. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, wato taubashina, abin da muke kira tavale. Tsakanina da shi babu kunya, zagi ma gaisuwa ne. Yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Lautoka, an kuma taɓa tura shi kwas ƙasar waje, a Brisbane. Kwas ɗin bai kai wata ba, amma tun da ya dawo, ko kwakwa zai fasa sai ya gaya maka yadda ake fasa ta a Brisbane.

Abin da ya tara dattawan kuwa ruwan mahaifina ne. Da Ta ya rasu (haka muke kiran uba a wurinmu), aka kafa sanda a bakin kogi inda yake su, aka ɗaura mata ganyen kwakwa, aka ɗaure ruwan. Ba mai jefa ƙugiya ko taru sai ranar fita makoki. Ranar ce ake cire sandar, gari duka ya shiga ruwa, a ciyar da dangi da kifin da ya huta ya yi ƙiba, mahaifiyata kuma ta tuɓe baƙin kaya. Ranar ta matso, sai aka tafka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kogi ya sauko jajur, da safe yara suka tsinci matattun kifaye a gaɓa, ciki sama. A can saman kogin gonakin rake ne, kowa kuma ya san ana fesa musu maganin kashe ciyawa. Mai gari ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ba za a taɓa sandar nan ba sai an san abin da ke cikin ruwan.

Ni daga aji uku na sakandare na ajiye biro na bi Ta cikin kwalekwale, don haka ba ni da ta cewa. Na cika kwalabe da ruwan kogi, na bi Apakuki muka hau bas.

A ƙofar ɗakin gwajin muka tarar da Lusiana, mai amsa waya, tana yi wa kanta fifita da takarda. Na'urar sanyaya ɗaki ta lalace, bango har gumi yake yi.

Ta ce, "Apakuki, Madam ta ce makulli ta bar maka don ka karɓi saƙo. Ba ta ce ka taɓa na'ura ba."

"Cewa ta yi kada jahili ya taɓa."

"To ai shi na faɗa."

Madam Kamleshni ita ce mai ɗakin, ita ta san kan na'urar. Ta tafi Labasa bikin 'yar ƙanenta, ba za ta dawo ba sai dab da ranar fita makokinmu.

Apakuki ya sa farar riga, ya tsayar da ni gaban wani akwati mai kama da firiji, yana gurnani a hankali. Ya ce a cikinsa akwai tanda, a cikin tandar akwai bututu siriri kamar gashin kai, a nannaɗe. Ana tsira masa ɗigon abu da allura, zafi ya mai da shi tururi, sinadaran ciki su yi tsere, kowanne ya iso ƙarshe a lokacinsa, a auna shi, kwamfuta ta zana masa tsauni ta faɗi sunansa.

"Amma maganin ciyawa ɗan nauyin jiki ne," in ji shi. "Ba ya tashi. Mannewa yake a hanya kamar Nei Torika in ta shiga gidan biki. Sai an sa masa riga tukuna ya yi sauƙi ya tashi."

Nei Torika uwarsa ce, Nei kuwa gwaggo ke nan a bakinmu. Na ce zan gaya mata.

Rigar kuwa wani ruwan magani ne a 'yar ƙaramar kwalba, sunansa haruffa ne zalla, BSTFA. Ya tace ruwan kogina, ya rage shi ya rage shi har ya koma ɗan laima a gindin 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa. Ya ware guda ya ɗiga mata maganin ciyawa na gaske, ya ce wannan ita ce kwalbar shaida. Sa'an nan ya ciro maganin rigar daga firiji, ya ɓalle murfin nan take, kwalbar na naso a hannunsa. Ya ɗiɗɗiga, ya ɗumama, ya tsira wa na'ura.

Muka zuba wa kwamfuta ido. Layi ya fito ya miƙe a kwance, kamar teku ranar da ba iska.

"Fes!" Ya buga tebur. "Ruwan kawu ya fi na baftisma tsarki. Kira gida, tavale. Ka ce ni na ce."

Na kira mahaifiyata, Na, kamar yadda muke kiran uwa. Ina jin kaji a bayanta. Ta ce, "To." Tun rasuwar Ta maganarta ta koma haka, kamar mai tsoron kada kalmomin su ƙare.

Apakuki bai iya riƙe daɗi shi kaɗai ba. Ya kira Madam, ya buɗe muryar wayar don Lusiana ta ji a yabe shi. Ganguna na tashi a bayanta.

"Ka taɓa mini na'ura?"

"Na taimaka miki dai, Madam. Komai fes."

"Kwalbar shaida fa?"

"Ita ma fes."

"Apakuki. Kwalbar da ka zuba wa guba da hannunka, ita ma ta fito fes?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Ruwanmu yana da albarka, Madam."

"Daga firiji ka ciro maganin ka buɗe?"

"Da sanyinsa ma, don kada ya lalace."

"To ya sha raɓa ya mutu. Danshi kaɗan ke kashe shi, ga ɗakin nan kamar banɗaki. Ba abin da ka auna. Komai sai ya bushe ƙamas kafin maganin nan ya kama. Ka rufe mini ɗaki ka jira ni!"

Ya kashe wayar. Lusiana ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa.

Ya ce, "Kun ji dai. Ta ce matsalar danshi ce. Ni ma abin da nake shirin faɗa ke nan."

"Ta kuma ce ka jira ta," in ji Lusiana.

"Dangi na kan hanya daga tsibirai da tabarmi, sai mu ce musu su zauna a jirgi Madam na rawa?"

Nan kam ya taɓo ni. Na sake kiran Na, na ce a dakata, ba a gama ba. Ta ce, "To." Irin ta ɗazu sak.

Daga ranar Apakuki ya ɗaura yaƙi da danshi. Akwai tukunyar iskar gas da ake busar da kwalaben da ita a hankali, kamar mai hura wa jariri koko. Ya ce a Brisbane ba sa wannan lalaci. Ya murɗe ta gaba ɗaya. Ruwan kogin mahaifina ya tashi sama ya sauka a kan kalandar bango, daidai fuskar wani ɗan wasan zari-ruga.

Na koma ƙauye na ɗebo wani.

Washegari ya ari na'urar busar da gashi ta Lusiana. Kwalaben suka bi iska suka gangara ƙasa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, tas, shi kuma yana bin su da na'urar a kunne kamar zai busar da su kafin su fashe.

Na koma na ɗebo wani.

Ya jera su a tanda da murafansu na roba, ya ƙure wuta. Ɗakin ya gume da warin ƙonannen silifa har masu shagon taya na maƙwabta suka leƙo da bokiti. Bayan nan ya tuna yadda ake binne waya a shinkafa in ta faɗa ruwa, ya zazzage cefanen Lusiana a kwano ya binne kwalaben. Ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Wannan ma a Brisbane ka koya?"

"Ilimi ba ya raina dabara, ƙanwata."

"In ya dahu ka zubo mini."

Direban bas ɗin ƙauyenmu ya dube ni da kwalabena a wata safiya ya ce, "Waisake, wai kogin kake kwashewa birni kaɗan-kaɗan? In ka gama ka gaya mana mu shuka rogo a ramin."

Na yi dariya. Ita ce ta farko tun da muka binne Ta, har na ji kunyarta.

Ran nan muna tsaye a barandar ɗakin gwajin ana yayyafi, Apakuki ya miƙa hannu waje. Fatarsa na sheƙi da man kwakwar da uwarsa ke dafawa, mai ƙanshin furanni, wanda ba ya fita daga gida bai shafa ba. Ruwan ya sauka a damtsensa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangara, bai jiƙa shi ba. Ya ƙura wa hannun ido. Ya juyo a hankali.

"Tavale. Me ake shafa wa jariri kafin a fita da shi cikin ruwa?"

"Man kwakwa."

"Me kawu yake shafa wa wuƙarsa don kada ta yi tsatsa?"

"Man kwakwa."

"Turawa na can suna ɓata kuɗi, amsar na kicin ɗin uwata!"

Ni dai ban ga aibin maganar ba. Na sha ganin Ta yana shafe ƙugiyoyinsa da yamma, yana 'yar waƙa ta hanci, ba su kuma taɓa tsatsa ba.

Da safe ya zo da kwalbar mai a jakarsa. Ya shafe bakin kowace 'yar kwalba, ya shafe murafai ciki da waje, ya shafa wa allura, har sabuwar kwalbar maganin rigar sai da ya zagaye wuyanta. Wannan karon ya bar ta ta huce kafin ya buɗe. Ɗakin ya ɗauki ƙanshin coci ranar Lahadi.

Ya tsira wa na'ura. Layi ya ɗan yi tafiya a kwance, sai ya zabura sama. Ya sauko, ya sake zabura. Tsaunuka suka jeru, na tsakiyar har ya fasa rufin allon.

"Ya kama! Maganin ya kama!" Ya daka tsalle. Sai kuma ya tsaya. "Kai. Amma wannan ya yi yawa."

Ya danna babban tsaunin, kwamfuta ta kawo suna. Ya karanta da yatsa, gaɓa-gaɓa.

"Do-de-ka-no-yik. Asid ne ma."

"Shi ne maganin ciyawar?"

"Ina! Maganin ciyawa ai ƙanensa ne. Ka ji sunan kuwa? Abu mai gaɓa biyar ba ya barin mutum da rai."

Na zauna a ƙasa. Na tuna kifayen nan da fararen cikkunansu, na tuna sandar tana tsaye ita kaɗai cikin ruwa, ganyenta ya bushe yana kaɗawa.

Apakuki ya ce mai bincike nagari ba ya tsayawa a guri ɗaya. Ya sa na ɗebo ruwan rijiyar mai gari. Tsaunuka. Ruwan famfon makaranta. Tsaunuka. Tankin coci, wanda ruwan sama ne tsantsa daga rufin kwano. Tsaunuka, har sun fi na kogi tsayi, don ran nan hannunsa ya sake da mai. Lusiana ta ce ya gwada ruwan roba na kanti mana, wanda ba a ɓalle ba. Ya gwada. Ya dafe kai.

"Har kamfanoni ta kai. Ƙasar nan gaba ɗaya a kan guba take zaune, ba wanda ya lura sai ni."

"Ba ka ganin abin da mamaki?" in ji Lusiana. "Duk abin da ka taɓa guba?"

"Hassada ce ke damunki."

Da yamma ya hau kan gangar mai a tsakiyar ƙauye ya yi shela. Kada a sha rijiya, kada a sha famfo, kada a sha tanki. Wata tsohuwa ta ce to me za a sha? Ya ɗaga kai sama, ya nuna.

"Ɗanyar kwakwa. Allah ne ya rufe ta da hannunsa, ba ta inda guba za ta shiga."

Ƙauye ya koma kan bishiya. Samari na hawa tun asuba, adduna na ta aiki, ɓawo ya taru tsibi-tsibi a ƙofar kowane gida. Aka dafa rogo da ruwan kwakwa, aka dafa shayi da ruwan kwakwa. Kowa ya san abin da ɗanyar kwakwa ke yi wa ciki in ta yi yawa. Kafin a jima hanyar bayan gari ta fi hanyar coci cunkoso, dattawa masu daraja na gaisawa a guje. Fasto ya ɗage baftismar jarirai. Da maza suka gwada dama yangona, saiwar da ake dakawa a sha a wurin taro, da ruwan kwakwa, mai gari ya kurɓa, ya runtse ido, ya ce kakanninmu ba su yi mana laifin da za mu yi musu haka ba.

Abin dariya ne, amma ba duka ba. Samari suka fara maganar tare hanyar motocin rake. Sunan da ke bakinsu na tsoho Munsami ne, wanda gonarsa ta fi kusa da kogi, abokin Ta ne kuma tun suna yara. Ta yakan kai masa kifi, ya dawo da kabewa da barkono. Ranar jana'iza shi ya kawo buhun shinkafa, ya zauna can baya yana share ido da hularsa.

A gida na tarar da Na tana ninke tabarmin da za a raba wa dangi. Na ce mata ko mu sayi kifin gwangwani, a yi taron haka, ta dai tuɓe baƙin nan.

Ba ta ɗago ba. "Ubanka bai taɓa ciyar da baƙo kifin gwangwani ba."

"To in ba a cire sandar ba fa, Na?"

"Baƙin bai tsufa ba tukuna."

Ran Alhamis bayan azahar mai gari ya kira taro a zauren gari don a yanke shawara, tunda Asabar ce ranar. Dangin tsibirai sun riga sun sauka. Zauren ya cika, maza gaba, mata baya, Munsami a bakin ƙofa da hula a hannu. Babban akushin yangona na tsakiya a bushe. Apakuki ya manna takardun tsaunukansa a bango, ya samo sandar rake yana nuni.

"Wannan kogi. Wannan rijiyar mai gari, a gafarce ni. Wannan tankin coci, Fasto, ka yi haƙuri."

Yana cikin haka wata 'yar mota ta tsaya a waje. Madam Kamleshni ce, lallen biki bai gama fita a hannunta ba, Lusiana na biye da ita. Ta tuɓe takalmi, ta shigo a sunkuye, ta ajiye ƙunshin saiwar yangona gaban mai gari yadda ya kamata, aka yi tafi aka karɓa. Ta zauna a tabarma ta naɗe ƙafa.

"Ci gaba, Apakuki. Ni ma koyo na zo."

Da wani ne, da maganar nan ta sanyaya masa jiki. Shi kumbura ya yi.

"Ga shugabata nan, za ta shaida. Ita da kanta ta ce danshi ne matsala. Na yi iska, na yi wuta, na yi shinkafa."

"Shinkafata," in ji Lusiana.

"Sai Allah ya buɗe mini abin da ko a Brisbane ba su sani ba. Ina so a sa wa hanyar sunana, in ba damuwa."

Madam ta miƙa hannu aka ɓallo mata takarda ɗaya. Ta duba. Ta sa tabarau ta sake dubawa.

"Wace hanya ce?"

Ya buɗe jaka, ya ciro kwalbar, ya ɗaga ta sama kamar kofin gasa. Saura kaɗan a gindinta.

Daga can bayan zaure wata murya ta tsage.

"Kwalbata!"

Nei Torika ce ta miƙe a kan gwiwoyi. "Kwalbar man da na dafa don shafa wa masu makoki ran Asabar! Na birkice gida, na zargi jikokina, na daina gaida matar Fasto saboda ita! Ashe kai ne, ɗan banza mai kan kwakwa?"

"Na, aikin kimiyya ne."

"Kimiyyar gidanku!"

Madam ta cire tabarau, ta juya wajen mai gari. "Ranka ya daɗe, wannan dogon sunan da ke kan takarda, sunan abin da ke cikin man kwakwa ne. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. An ba ta mai, ta ce mai. Shi ya sa ya fito a rijiya, ya fito a tanki, ya fito a ruwan kanti. Da ya gwada kwalba fanko ma da ya fito."

Mai gari ya dafa cikinsa, wanda ya faɗa sosai a 'yan kwanakin nan.

"Dakata, 'yata. Wato gubar da muke gudu, a cikin kwakwa take?"

"A cikinta take, ranka ya daɗe. Ba ta kuma kisa."

"Mu kuma muka bar ruwa muka koma kwakwa."

Ban san wanda ya fara ba. Ina jin Fasto ne. Dariya ta ɓarke kamar an fasa madatsa, mata na faɗuwa jikin juna, tsofaffi na bugun tabarma, wani dattijo ya tashi ya fita da sauri don dariyar ta tayar masa da abin da ke damunsa. Munsami ya sa fuska cikin hula, ba ka sanin kuka yake ko dariya. Wani ya yi ihu a kawo ruwan rijiya a dama yangona tun kafin Apakuki ya gano wani abu a cikinta.

Apakuki na tsaye da kwalba a hannu. "Amma dai kun yarda danshi bai shiga ba."

Aka sake kwashewa.

Ni ma na yi, har hawaye. Da ta lafa, na matsa kusa da Madam.

"Madam, ruwan mahaifina fa?"

Ta daina murmushi. "Ban sani ba, ɗana. Har yanzu ba wanda ya gwada shi. Na'urata kuma ta sha mai har wuya. Sai na canja abin da zai canju, na yanke bakin bututun, na gasa sauran ya fita. In ta yarda ta yi tsabta, zan gwada. In ba ta yarda ba, ba zan ce maka e don ka ji daɗi ba."

"Asabar ce ranar."

"Na sani. Ka ɗebo mini sabon ruwa, a kwalbar da zan ba ka. Kai kuma," ta dubi Apakuki, "za ka wanke kowace kwalba a ɗakin nan. Amma ka fara da hannunka, da sabulu, har gwiwa."

Asabar da hantsi gari duka na gaɓa. An murɗa doguwar igiyar ganyen kwakwa da ake koro kifi da ita, an shimfiɗa ta a yashi. An haƙa ramin girki, duwatsu sun yi ja, gwaza da rogo na jira, babu abin ɗorawa a kai. Ruwan teku da ke turowa cikin kogin ya cika ya fara janyewa. In ya janye da yawa, sai wani jiƙon. Ba mai magana da ƙarfi. Na na zaune a kan kututture cikin baƙin kayanta, tana kallon sandar.

Sai muka ji ƙarar tarakta. Munsami ne ke tuƙi, ya je har bakin titi ya jira bas. A bayansa Apakuki ne a tsaye, ya riƙe kafaɗar tsohon, fatarsa fari fat da sabulu kamar an tono shi daga toka. Ya diro, ya gyara riga, ya yi gyaran murya.

"Mai gari, Fasto, iyaye, dangi na kusa da na nesa. Kamar yadda kuka sani, binciken kimiyya yana da matakai. Mataki na farko..."

"Apakuki," in ji Na.

Ba ta ɗaga murya ba, amma har tsuntsaye sai da suka ji.

"E ko a'a?"

Ya haɗiye sauran jawabin. Ya dube ta, karo na farko na ga fuskarsa ba ado.

"E, Nei. Kwalbar shaida ta nuna, fanko ta fito fanko. Na kogin ɗan ɓurɓushi ne, Madam ta ce bai kai ya cuci kifi ko mutum ba. Ta fi zaton laka da ruwan ambaliya ne suka shaƙe su. Ta ce a ci."

Mai gari ya dube ni ya gyaɗa kai. Cire sandar aikin ɗan mamaci ne.

Na shiga ruwan. Tun ranar da muka dawo da kwalekwalen Ta babu shi a ciki ban wuce idon sawu ba, ko da nake ɗebo ruwa daga gaɓa nake miƙa hannu. Ruwan da ɗumi. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ƙananan kifaye sun yi gida a gindin sandar, suka watse suka sake taruwa a ƙafafuna. Na kama ta na ja. Ta ƙi. Laka ta riƙe ta gam. Na sake ja, idona ya cika, ban kuma san ko ƙarfina ne ya gaza ko zuciyata ce ba ta so ta fito ba.

Sai na ji facal-facal a bayana. Apakuki ne, da wandon ofis da takalmi sau-ciki.

"Matsa, tavale. Abin dabara ne, ba ƙarfi ba."

"Rufe baki ka ja."

Muka ja tare. Sandar ta fito gaba ɗaya, Apakuki ya tafi da baya ya nutse, ƙafafu sama, birurrukansa suka taso suna yawo a kan ruwa. Gaɓa ta ɗauki shewa.

Na juya da sandar a kafaɗa. Mutane sun ɗauki igiya suna shigowa, amma ba wanda ya yi kiran farawa, don Ta ne yake yin sa, ba a kuma tsayar da wanda zai gaje shi ba. Suka tsaya cikin ruwa suna duban juna.

Na ta tashi daga kan kututturen. Ta shigo da baƙin kayanta har ruwa ya kai mata ƙirji, ta kama igiyar daga tsakiya, ta ja numfashi, ta kwarara kiran da muryar da na manta tana da ita. Igiya ta motsa.